Taya shida ce, yaro

A Tudun Wadan Zariya aka haife ni, a gidan da babu hoto ko ɗaya a bango sai kalandar masallacin Madina. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne, kuma shi ake kawo wa zayyana idan yaro zai yi sauka. Tun ina ɗan shekara bakwai ni ke dama masa kala a ƙananan kwalabe, ja da ɗorawa da tsanwa, ina kallon yadda yake jan layi ba tare da rula ba, layin ya tafi ɗoɗar. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk abin da za ka zana ka zana, ban da mai rai. Ya kan ce ranar gobe za a ce ka hura masa rai, to ka shirya amsar da za ka bayar.

Da na kai shekara 15 aka tura ni Kaduna wurin ƙanin mahaifiyata, wanda ke fentin bodin manyan motoci a Panteka. Can kuwa zaki da gaggafa da ɗawisu su ne kasuwa. Direban gingimari ba ya jin motarsa ta cika mota sai an ɗora mata zaki yana danne barewa a ƙyauren baya. Ni kuma maganar Malam ta riga ta zauna mini a rai, hannuna ya ƙi. Sai Kawu ya bar mini rubutu da furanni da masallatai da jirgin sama, shi da sauran yara suna yin namun daji. Suna suka sa mini, wai Malam Ƙarami. Ban ji daɗin sunan ba a lokacin, amma da yake ƙarfe kaɗai aka bar mini, na ƙware a ƙarfe. Na iya zana inji da giya da taya har mai shagon kayan gyara ya ce a rubuta masa allo da hotonsu.

Irin wannan allon nake yi wata rana a shekarar 2001, ina zana ƙaramar akori-kura a gefen sunan shago, sai wani tsoho da ke gadin rumfar katako kusa da mu ya zo ya tsaya a bayana. Na san shi da gani, dogo ne, yana ɗingisa ƙafar hagu, ba ya yawan magana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, za ka iya zana mini Saladin?"

Na ajiye buroshi na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba na zana mutane. Balle Salahuddini, bawan Allah irin wannan."

Dariyar da ya yi sai da ya riƙe ginshiƙin rumfa. Ashe mota yake nufi. Motar sulke ce ta Ingila, kamfanin Alvis ne ya ƙera ta, kuma lallai sunan Salahuddini suka ba ta, sai dai ni ban taɓa jin labarinta ba. Shi direbanta ne a yaƙin basasa, a Runduna ta Ɗaya wadda Muhammadu Shuwa ya jagoranta, waɗanda suka bi ta Nsukka suka shiga Enugu a watan Oktoban 1967. Washegari ya zo da hoto a cikin leda, ledar a cikin wani tsohon littafin asibiti. Baƙi da fari ne, bai fi tafin hannu ba, ya yi rawaya. Samari uku suna zaune a gaban motar, sun tare rabin ƙasanta, sauran kuma ciyawa ta rufe. Ya nuna na tsakiya ya ce shi ne. Na ce masa mutanen fa ba zan sa su ba. Ya ce, "Wa ya ce ka sa su? Motar nake so."

Muka yi ciniki a kan naira 2,500, ya ba ni ɗari biyar kafin alƙalami. Na samo filawud, na goge shi da samfefa, na shafa farin fenti sau biyu, na raba hoton gida-gida da fensir kamar yadda muke faɗaɗa zanen bodi. Kwana huɗu na yi. Saman motar ya fito, bakin igwar ya fito, inda hoton ya ɓoye kuma na cika da hankalina: mota ai taya huɗu gare ta. Na ɗauka na kai masa ina jin kaina.

Ya kalla bai fi ƙiftawar ido ba ya miƙo mini. "Taya shida ce, yaro. Mai huɗun nan Ferret ce, ƙanwarta. Wannan abin da ka zana ko a mafarki ban tuƙa shi ba."

Kunya ta kama ni. Ya tsuguna ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa: uku a kowane gefe, tazararsu daidai, kuma idan ya juya sitiyari huɗun gaba ne ke juyawa tare. Ya ce injin a baya yake, na fetur, ƙirar Rolls-Royce. Direba a gaba a tsakiya, shi kaɗai kamar a cikin kabari, biyun kuma suna sama a cikin kwanon da ke juyawa, ɗaya na ba da umarni ɗaya na harbi. Igwar milimita 76. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa jimla uku ba, ranar sai da aka kira la'asar yana bayani.

Na sake, ya ce ta yi tsayi da yawa. Na kuma sakewa, ya ce tayoyin sun yi ƙanana, kamar na motar ɗaukar amarya. Raina ya fara ɓaci, don kuɗin fentin da na ƙona ya kusa cinye ribar. Kawu ya ce in mayar masa da ɗari biyar ɗinsa in huta. Amma abin ya riga ya zama tsakanina da motar. Wani direban tirela da ke zuwa gabas ya gaya mini akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia inda aka jera irin waɗannan a fili. Na bi shi a bayan kaya, kwana biyu a hanya, ban taɓa wuce Lokoja ba kafin wannan.

Gani ya kori ji. Na tarar da ita a tsaye a rana, fenti ya kware, tayoyi sun zauna. Na yini ina zagaya ta, ina aunawa da taƙi da kamu, ina rubutawa a bayan kwalin sigari da na tsinta. A nan na gane kuskurena: ina zana ta kamar mota mai ɗaukar mutane, alhali ita akwatin ƙarfe ce da aka yi wa fuska a karkace don harsashi ya zame. Babu layi ɗaya da ya miƙe tsaye a gabanta. A gefe kuma ga motocin da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu, waɗanda ake kira Red Devil, walda a kan walda, sai ka ce daga Panteka aka fito da su. Na daɗe a gabansu. Duk wanda ya yi zaman maƙera zai gane hannun mutumin da ke aiki cikin gaggawa da abin da ya samu.

Da na dawo na yi na huɗu. Wannan karon Baba bai miƙo mini ba. Ya jingina shi da bango ya ja baya ya zauna a kan benci. Can ya ce, "Akwai saura." Ya sa yatsa a saman tayar tsakiya ta dama ya ce nan akwai loɓawa, wani abu ya doke ta a hanyar Nsukka. Nan kuma jarkar ruwa suke ɗaurewa da igiya. Ƙurar ba irin tamu ba ce, ja ce, kuma damina ce, don haka laka ce ta bushe a jiki. Na gyara duk a gabansa. Na ƙarshe, ya ce murfin saman nan na dama in buɗe shi.

Na ce, "Baba, a hoton a rufe yake."

Ya ce, "Na sani. Wanda ke zama a wurin ɗan Binuwai ne, Kirista, ba ya son zafi. Kullum sai ya buɗe ya leƙo. A nan aka same shi. Buɗe masa."

Na buɗe. Na sa duhu a cikin ramin, ba kowa a ciki. Ya biya ni sauran kuɗin a wata biyar, ɗari huɗu ɗari huɗu, duk ranar da ya kawo kuma sai ya haɗo da goro.

Daga wannan tsoho kasuwata ta buɗe, ban buga talla ba. Ya ɗauki zanen ya kai wurin da mazan jiya ke taruwa bin fansho, suka yi ta miƙa wa juna. Cikin wata biyu mutum shida suka neme ni. Sannan 'yan ECOMOG, dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, suka biyo baya, waɗanda suka sauka Monrobiya a watan Agustan 1990 da waɗanda suka yi Saliyo daga baya. Su samari ne a kan su Baba, hotunansu masu kala ne, kuma sun fi tsanani wajen gyara. A wurinsu na san Scorpion, ƙaramar tanka mai jikin alminiyom da mutum uku, mai gudu kamar ba kaca take takawa ba. Na san Panhard ta Faransa, taya huɗu da igwa milimita 90 wadda ta yi wa jikinta girma, kamar yaro ya saɓa taɓarya. Irinta sojojin Nijar ma suna da ita, kuma sau biyu aka aiko mini daga Maraɗi.

Duk wanda zai yi wannan sana'a, ƙafafun zai fara koya, wato tayoyin da kacar tanka ke zagayewa. Soja ba ya fara kallon igwa, ƙasa yake kallo, don shi ya kwanta a laka ya ɗaure kacar nan. T-55 ta Rasha ƙafafu biyar ne a kowane gefe, kuma tsakanin na farko da na biyu akwai giɓi. Ka manta giɓin nan, ka zana wata tankar daban. T-72 shida ne, kanta a shafe kamar kunkuru, mutum uku ne a ciki saboda inji ke ɗura mata harsashi. Vickers ta Ingila ita ma shida ne, amma tsayayya ce mai kusurwa, mutum huɗu. Na taɓa ɓata kwana tara a kan Vickers, mai ita ya zo ya ƙirga ya ce daidai, ya biya ya tafi, bai ko kalli sararin samaniyar da na sha wahalarta ba.

Kalar soja kuma ba a sayo ta a gwangwani. Koren da ake sayarwa na ƙofar gida ne. Ni rawaya nake zubawa in ɗiga baƙi kaɗan kaɗan har ya koma kalar ganyen da ya fara gajiya, sannan in taɓa shi da jan ƙasa. Na bar fentin mai na bodi tun tuni na koma akirilik, don yana bushewa da wuri kuma ba ya ƙyalli; motar yaƙi mai ƙyalli ƙarya ce. Da hunturu sai na rataye jiƙaƙƙen buhu a taga, in ba haka ba fentin ya bushe a bakin buroshi, ƙura kuma ta manne a kan wanda bai bushe ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne motocin waɗanda suka je Darfur, farare fat. Fari ba ya zanuwa da fari. Sai ka haɗa toka da shuɗi da ruwan ƙasa, ka bar farin gaske a wuri biyu ko uku inda rana ta doka.

Akwai kuma aikin manya, wanda ake bai wa hafsa kyauta ranar da zai yi ritaya. Ya fi kuɗi, amma ban cika son sa ba. Ba mai motar ke zuwa ba, ɗan kwangila ne, kuma abin da yake so a wanke ta tas, a sa tuta a baya, a yi firam mai ruwan zinariya. Ba loɓawa, ba jarka, ba laka. Ɗaya daga cikinsu ya karɓi manyan zane uku a hannuna, ya ce cikon kuɗin sai an biya shi. Daga baya na ji abin da ya karɓa a kansu ya ninka nawa sau bakwai, kuma har yau cikon bai iso ba. Na bar shi da Allah, amma tun daga ranar ba na sakin aiki sai an cika.

Sana'ar ta taɓa kai ni inda ban so ba. A shekarun da bama-bamai suka yi yawa a Kaduna, na tsaya daura da ƙofar wani bariki inda aka girke tsohuwar tanka don ado, na fito da littafina ina zana yadda kacar ta zauna a kan ƙafafun. Wauta ce tsantsa, na sani. Ban ankara ba na ji bakin bindiga a ƙeyata. Suka buɗe littafin, shafi bayan shafi motocin yaƙi ne da awo da lambobi. Cikina ya ɗuri ruwa, don ni kaina da na kalle shi da idonsu na ga abin da suke gani. Na sha mari, na yi tsallen kwaɗo, na yini a tsugune a rana. Da yamma wani samanja ya zo yana duba littafin, ya tsaya a kan wata Scorpion, ya ce, "Kai ne ka yi wa wane zanen da ke falonsa?" Na ce ni ne, ranka ya daɗe. Ya buga waya, aka sake ni bayan isha. Littafin dai bai dawo ba, aikin shekara shida. Bayan sati uku samanjan nan ya zo shagona da hoton tasa motar.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka. Ba na zana komai a bakin bariki. Motar da ke bakin aiki yanzu ba na sa lambarta ta gaskiya, ba na sa hotonta a Facebook, kuma wanda ban san wanda ya turo shi ba, idan ya fara tambayar ina sulken ya fi kauri ina ya fi sirara, sai in ce ni mai fenti ne, ya tambayi masu ita.

Daga 2014 zuwa sama masu zuwa wurina suka canja. Da tsofaffi ne ke kawo motar ƙuruciyarsu. Yanzu sai ga mata da ƙanne da iyaye, da hoto a waya. Wata baiwar Allah ta zo da yaro ɗan shekara shida, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama sau biyu kafin na ji. Mijinta direban tanka ne, ya rasu a Borno, a can aka binne shi, ba ta ga gawa ba. An ba su wa'adin tashi daga gidan bariki, za ta koma gidan iyayenta a Funtuwa. Hoton da ya turo mata na ƙarshe ke nan, shi a tsaye yana dariya, bayansa rabin T-72.

Na ce, "Malama, kin san ba na zana mutum."

Ta ce, "An gaya mini, Malam. Hotonsa ina da shi. Yaron ne kullum yake tambaya wace iri ce motar babansa, a hoton kuma ba ta fito duka ba."

Na faɗaɗa hoton a wayar ɗana ina duba abin da ke jikinta. Ƙurar can fara ce, mai laushi kamar gari, ta cika kowane lungu. A bayan kwanon an ɗaure katifa a naɗe da wata shuɗiyar buta ta roba, sannan wani abu mai ratsin kore da ban gane ba. Na tambaye ta. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, ta ce dardumarsa ce, ita ta saya masa a kasuwar Mami kafin ya tafi.

Na yi sati biyu a kan wannan aiki, ina ture na wasu. Ƙafafu shida na ƙirga su ya fi sau goma. Na sa butar, na sa katifar, dardumar kuma na sake ta sau uku har ratsin ya fito yadda yake. Murfin direba a T-72 yana gaba ne a tsakiya, a ƙarƙashin igwar. Ba ta ce in buɗe ba, ni ma ban tambaye ta ba. Na buɗe shi.

Ranar da suka zo karɓa, motar kayansu na jira a bakin titi. Yaron ya tsuguna a gaban zanen ya sa yatsa yana ƙirga ƙafafun da ƙarfi, ɗaya, biyu, har shida, sannan ya leƙa ramin murfin kamar zai ga ciki. Uwar ta kwance bakin mayafi za ta ba ni cikon kuɗi, na ce ta bari sai ta zauna a can tukuna. Na naɗe zanen da kwali da tsohon zani, na ɗaure da igiya, na bi su har mota na gaya wa kwandastan kada ya ɗora komai a kai. Bayan wata huɗu wani direban Funtuwa ya tsaya a ƙofar shagona da ambulan da ƙullin daddawa, ya ce in ji maman yaron nan mai tanka.